Yaƙin Janar da Tsuntsaye

Innarmu ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da tsuntsaye, kuma ban taɓa jin an ci ta ko da rigar filo ɗaya ba. Mu da ta bari kuwa, tun ba a je ko'ina ba suka mai da mu abin dariyar layi.

Sana'ar gidanmu wanki da guga ce. Muna zaune a ƙasan wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo da ɗan fili mai famfo. A bakin famfon nan muke wanki, sannan a hau da kayan can saman benen a shanya, inda Inna ta ɗaɗɗaure igiyoyinta tun daga jikin tankin ruwa har zuwa ƙarafan gefe. Babban mai ba mu aiki wani ƙaramin otal ne kusa da tasha, kayansu kuma farare ne tas: zannuwan gado, tawul, rigunan filo. Duk wanda ya taɓa shanya farin zani a sararin Allah ya san maƙiyinsa. Tattabara ɗaya ta isa ta mayar da aikin safiya guda baya, ta kuma tsaya a kan igiya tana kallonka da jan idonta, wai kai ne ka shigo mata gida.

Inna tana da tsarinta, kuma ba a taɓa mata shi. Da an idar da sallar asuba za ta zura wata tsohuwar koriyar kwat ta Baba a kan kayanta, ta kifa malafa, ta ɗauki farantin ƙarfe da babban cokali, ta hau sama ita kaɗai. Ni da ƙanwata Auta muna ƙasa muna ɗauraya, ba mai ikon taka matakala sai ta kira. Can sai ka ji an fara dukan faranti, ga muryarta a kai.

"Ɓarayi, marasa kunya. Ku fito nan in gan ku, 'ya'yan malalata. Ke mai ɗingishi, kina tsammani ban gan ki jiya ba? Kai kuma mai baƙin wuya, ubanka ne ya gina benen?"

Duk layinmu da wannan ake tashi. Mai shayin bakin titi yana cewa shi bai ga dalilin sayen agogo ba. In an ɗan jima sai ta leƙo ta saman matakala ta ce, "Ku hawo da kaya." In muka hau, ko gashin tsuntsu ba za ka gani a kan igiya ba, sai dai ka ji ɗan motsinsu can bayan tanki, inda muka ce tsoro ne ya tara su. Bayan tankin nan kuwa Inna ta hana mu zuwa tun muna yara. Ta ce akwai wayar wuta a sake a wurin, wanda ya taka sai dai a kwashi tokarsa.

Baba mai gyaran rediyo ne. Bencinsa yana ƙarƙashin matakalar nan, kuma gwiwoyinsa sun daɗe da yin sallama da hawan bene. Shi ya sa mata suna Janar. Da ya ji faranti ya fara ƙara sai ya ɗaga kofin shayinsa ya ce, "Janar ta shiga fili, Allah ya jiƙan abokan gaba." Kullum sai ya faɗa, kullum kuma sai ya yi dariyarsa shi kaɗai. In ta sauko tana haki ya ce, "Janar, yau nawa aka kashe?" Ita kuma ta ce, "Kai dai sha shayinka, tunda ba ka da rana a fagen fama." Haka suke tun da na buɗe ido na gan su.

Mu ma ba mu tsira ba. Ni Barkono take ce min, saboda bakina, kamar ba a wurinta na tsotsa ba. Auta kuma ta sha zargi a kan shinkafa, wai hannunta ya cika nauyi wajen awo, shi ya sa buhun gidanmu ba ya albarka. Auta ta yi rantsuwa har ta gaji ta bar wa Allah.

Ciwon ajalin Inna bai ja ba. 'Yan kwanaki a asibiti, shi ke nan. Ranar ƙarshe ma sai da ta tambaye ni ko na rage bula a tawul ɗin otal. Na ce na rage. Ta ce ƙarya nake, ta rufe ido.

Ni kuka na yi har kaina ya yi ciwo, daga nan na koma faɗa, don shi na fi iyawa. Auta dariya ce take kama ta a inda bai dace ba, ta yi ta yi har ta juye ta zama kuka. Baba kuwa bai yi ko ɗaya ba. Ya karɓi gaisuwa, ya gode wa kowa, da mutane suka watse ya shiga ɗaki ya juya wa duniya baya. Sallah kaɗai ke tashinsa. In na kai shayi, in dawo in tarar ya huce da ƙuda a ciki. Masu rediyo suka yi ta zuwa suna komawa da kayansu a hammata. In na ce, "Baba, ka fito ko iska ka sha," sai ya ce, "To, Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma ba zai fito ba. Wata safiya na ji yana ce wa bango, "Shirun nan ya yi yawa." Na koma bakin famfo na sake ruwa da ƙarfi don kada ya ji kukana.

Tsuntsaye kuwa kamar an yi musu shela. Ranar da muka koma aiki na hau da baho na tarar da su jere a kan igiyoyi, tun daga tanki har ƙarfe: tattabaru, kurciyoyi, 'yan ƙananan nan masu surutun tsiya, har da wani hankaka mai takun isa. Ba abin da suke yi, ƙofar matakala kawai suke kallo. Na bi su da tsintsiya, suka tashi suka zaga suka dawo. Muka shanya muka sauko. Da muka koma kwashewa, abin da na gani sai da ya zaunar da ni a ƙasa.

Babu abin da ba mu gwada ba. Auta ta zaro zaren tsofaffin kaset daga kwalin Baba ta ɗaɗɗaura, wai ƙyallin yana ba su tsoro. Washegari muka ga wata kurciya tana jan sa zuwa sheƙarta. Muka rataya gwangwanaye, suka mai da su lilo. Muka aro kyanwar maƙwabta, wata ƙatuwa da ta yi suna a layi, muka kai ta sama cikin girmamawa. Ta dubi tsuntsayen, ta dubi tawul ɗin otal da ke ninke a baho, ta haye ta yi barcinta, muka ƙaru da wankin gashi. Ni da kaina na tsaya gadi da sanda, rana tana dukana, ina zaginsu da duk abin da na gada. In na kori na gabas sai na yamma su sauka. Wata kurciya mai ɗingishi ma bi na take yi duk inda na juya, tana leƙen hannuna, har na ce mata, "Ke, ni sa'arki ce?"

Manajan otal mutum ne mai haƙuri, har gida ya zo mana gaisuwa. Amma ranar da ya ware wani zanin gado a gabana ya ce, "Baiwar Allah, wannan taswirar wace ƙasa ce?" na san haƙurin ya kusa kai bango. Auta da ke bayana ta leƙo ta ce ai ga babban birnin nan a tsakiya. Na taka mata ƙafa.

Ana cikin haka sai ga wanmu, Babban Yaya. Direban babbar mota ne, yana zaune a wani gari da iyalinsa, kuma shi duk abin da ya lalace a duniya maganinsa a ɗauke shi a sa a mota. Ya leƙa Baba, ya fito idonsa ja. Ya hau sama ya ga ɓarna, ya sauko.

"Ranar Asabar zan dawo da ƙaramar mota," ya ce. "Zan tafi da Baba wurina. Ga jikoki, ga hayaniya, ko zai sake. Igiyoyin nan kuma a kwance su. Sana'ar nan da Inna ta tafi."

"Yaya, wa ya ce maka ta tafi?"

"Zannuwan ne suka ce min, Barkono."

"To koma ka tambaye su wa ya ciyar da kai har ka iya riƙe sitiyari."

"Ni ba faɗa na zo ba. Kin dubi mutumin nan kuwa? Duk ya zube. In na bar shi a ɗakin nan ba zai kai baɗi ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Na shiga na ce wa Baba, "Ka ji abin da Yaya yake cewa?" So nake ya ce a'a, ko ya yi tsaki ma na ji daɗi. Ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Ni kuwa na san in aka kwance igiyoyin nan aka fita da Baba ta ƙofar nan, to an sake binne Inna, shi ma kuma ba zai daɗe a gidan da babu ko ƙusar da ta kafa ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai, sai dai ni tsorona da masifa yake fita.

Ana gobe Yaya zai dawo, muna guga, Auta ta ajiye dutsen guga ta ce, "Yaya Barkono, mu fa wawaye ne."

"Ki ce ke."

"Tsuntsayen nan ba tsoron mutum suke ba, tsoron Inna suke. To mu mayar musu da Inna mana."

Na ɗauka zafin guga ne ya taɓa mata kai, sai ta nuna min ƙusar da ke jikin matakala. Koriyar kwat tana nan a rataye, malafa a kanta, tun ranar da aka tafi asibiti ba wanda ya taɓa. Na ce Allah ya kiyaye, uwar tamu za a mayar mutum-mutumi? Auta ta ce ai da Inna tana nan da kanta za ta ce a yi, tunda ba ta yarda kaya ya yi zaman banza ba. Wannan kam ba musu. Matar da ta mai da wandon auren Baba tsumman goge ƙasa.

Na sauko da kwat ɗin. Ƙamshin sabulu da rana ya buge ni, na ɗan tsaya da ita a fuskata. Na ji gefenta na ƙasa da ɗan nauyi, ban kula ba.

Muka gicciye sandar labule a kan sandar goge ƙasa, muka cusa filo ya zama ciki. Auta ta ce Inna ta fi haka faɗi, aka ƙara filo. Na ce ta fi haka gajarta, aka dasa sandar cikin bokitin yashi. Da muka kifa malafar ta ɗan karkata hagu yadda take sa ta, Auta ta laɓe a baya, ta ɗaga hannun kwat ɗin ta nuna ni da shi, ta ce da muryar Inna sak, "Barkono, bular nan ta yi yawa." Wallahi sai da na ja da baya. Muka yi dariya har muka zube a kan tulin zannuwa, muna toshe baki kada Baba ya ji, hawaye yana zuba, ba mai iya cewa na dariya ne ko na ɗayan.

Asabar da sassafe muka lallaɓa da ita sama, muka kafa ta a tsakiyar fili, bayanta ga matakala, fuskarta ga igiyoyi. Muka shanya fararen otal gaba ɗaya, don in Yaya ya iso ya ga zannuwa fes ya haɗiye maganarsa. Tsuntsayen suna kan rufin maƙwabta, sun yi tsit, sai miƙa wuya suke.

"Kin gani?" in ji Auta. "Sun gane ta. Ko motsi sun kasa."

"Allah ya sa."

"Bari in ƙarasa su." Ta ɗauko faranti da cokali, ta tsuguna a gindin kwat ɗin, ta gyara murya. Na buɗe baki in ce Baba zai ji, amma ta riga ta fara.

"Ɓarayi, marasa kunya! Ku fito nan in gan ku!"

Suka fito.

Jama'a, ban san garin nan yana da tsuntsaye haka ba. Daga rufin maƙwabta, daga wayoyin lantarki, daga bishiyar bakin tasha, daga inda Allah kaɗai ya sani, sama ta rufe da fukafukai. Kuma ba gudu suke ba, zuwa suke. Tattabaru suka sauka a kafaɗun kwat suna ture juna. Kurciyoyi suka jeru a hannuwa. 'Yan ƙananan suka cika malafa har ta nutse, hankaka kuma ya sauka a gaba yana kai da komo kamar mai tsaron layi. Waɗanda ba su samu wuri ba suka hau igiyoyi suna jira, kuma tsuntsu in yana jira kun san abin da yake yi.

"Ƙara zagi," na ce, ina kaɗa tawul. "Ba su ji da kyau ba ne."

Auta ta ƙara. Ta zagi iyayensu, ta zagi ƙwan da suka fito ciki, ta bugi faranti har cokalin ya lanƙwashe. Kowane bugu sai wata runduna ta ƙaru. Wata tattabara ta sauka a kan Auta ita kanta, ta saki ihu ta shige ƙarƙashin zanin gado, ta ci gaba da zagin daga ciki tana dariya tana shaƙewa. Ni ina tsakiya ina juyi da tawul, ɗankwalina ya tafi, wani abu mai ɗumi ya sauka a goshina. Maƙwabta suka cika tagogi. Mai shayi yana ƙasa yana kira, "Lafiya dai? Ta dawo ne?" Zannuwan otal kuwa an wuce maganar ƙasa ɗaya, duniyar ce gaba ɗaya da tekunanta.

Ina cikin dariya da zagi na juya, sai na ga Baba.

Yana tsaye a ƙofar matakala, ba takalmi, ba hula, hannu ɗaya dafe da bango, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Mutumin da ya yi shekaru bai taka benen nan ba. Ba ni yake kallo ba. Bayan koriyar kwat yake kallo, da malafar da ta karkata hagu.

"Janar?" ya ce a hankali.

Faranti ya yi shiru. Auta ta fito daga ƙarƙashin zani da rarrafe. A rayuwata ban taɓa jin kunya da nadama irin na lokacin ba. Mun ari muryar matarsa mun kira shi da ita, ya hawo da gwiwoyin da ba su da kirki, ya zo ya tarar da sandar goge ƙasa.

"Baba, ka yafe mana," na ce. "Tsuntsaye muke kora."

Ya tako a hankali, tsuntsayen suna buɗa masa hanya ba tare da sun tashi ba, ya zaga ta gaban kwat ɗin ya dubi filon da ke ƙarƙashin malafa. Ya daɗe yana kallo. Na ce a raina shi ke nan, mun ƙarasa shi.

Sai ga kurciyar nan mai ɗingishi. Ta bi hannun kwat ɗin ta gangaro, ta cusa kanta cikin aljihun dama har wuya, kamar wadda ta san gidan. Ta fito da wani abu fari a baki. Ta haɗiye, ta sake komawa.

Baba ya sa hannu a aljihun. Ashe a huje yake, hannunsa ya wuce har cikin shafin kwat ɗin. Ya laluba, ya fito da shi a dunƙule, ya buɗe. Shinkafa ce, da busasshen ɓarɓashin burodi.

Auta ce ta fara samun baki. "Shinkafata," ta ce. "Shekara nawa ana ce min mai nauyin hannu."

Baba ya dubi tafin hannunsa, ya dubi kurciyar, ya ce, "Ke ce mai ɗingishin?" Sai wani sauti ya fito masa wanda na ɗauka tari ne, har na yunƙura in bubbuga masa baya. Dariya ce. Ta daɗe ba ta fito ba, sai da ta yi tsatsa. Ya yi ta yi har ya dafa kafaɗar mutum-mutumin, tattabaru suna matsa masa.

"Ja'irar mata," ya ce. "Kullum ina tambaya nawa aka kashe, ashe liyafa take yi. Farantin nan kiran cin abinci ne."

Da ya ɗaga hannun shinkafar, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya suka yi bayan tanki. Baba ya bi su.

"Baba, wayar wuta," na ce.

"Wace waya? Ni na ja wutar benen nan da hannuna, ko ƙusa ban kai wurin ba."

Ni da Auta muka dubi juna. Da girmanmu da komai, ba wadda ta taɓa tambayar mai gyaran rediyon da ke ƙarƙashin matakala.

Babu waya a bayan tanki. Akwai wani tsohon bokiti a kife, samansa ya lotsa daidai zaman mutum. Akwai murfin baho da ake zuba ruwa a ciki, ya bushe ƙayau. A jikin bututun tanki kuma ga carbin Inna a rataye, ƙaramin baƙin nan da muka birkice ɗaki muna nema ranar rasuwa. In ka zauna a kan bokitin gabas kake kallo, rana tana ɓullowa ta tsakanin benaye. Nan na gane aikin. Tsuntsun da ya ƙoshi a bayan tanki ba ruwansa da igiya, ya ci ya sha ya kama gabansa. Zagin kuwa namu ne, mu da layin gaba ɗaya, don kada a ce Janar tana da taushin zuciya.

Baba ya zauna a kan bokitin ya watsa abin da ke hannunsa. Auta ta zazzage shafin kwat ta kawo sauran. Ya sauko da carbin ya riƙe, sai hawaye. Wannan ne kukansa na farko tun da aka yi rasuwar, kuma bai ɓoye shi ba.

"Ku saurara," ya ce.

Muka saurara. Kurciyoyi suna ta kukan nan nasu ƙasa-ƙasa, ɗaya ta ajiye ɗaya ta ɗauka.

"Ni ina ƙasa ina tausayinta, wai ita kaɗai take fama a sama. Ashe lazimin safe a jam'i suke yi." Ya share ido da bayan hannu. "Tun da ta tafi suke zuwa kullum suna kallon ƙofa, ko? Masu gaisuwa ne, Uwata. Mutane sun gaji sun daina zuwa, su ba su daina ba. Ku kuma kuna bin su da tsintsiya."

"Har kyanwa muka kawo musu," in ji Auta, ta fashe da kuka.

Na zauna a ƙasa na jingina da tanki. Tun ranar asibiti nake jin Inna ta tafi ba ta bar komai ba sai aiki da shiru. Ga shi ashe ta bar cikkuna masu yawa haka da suka san ta, waɗanda Allah ya sa abincinsu a hujajjen aljihunta, ba wanda ya sani sai ita da Shi. Na ji daɗi, daɗi na gaske, da kashin tsuntsu a goshina.

A haka Yaya ya same mu. Ya hawo da filaya a hannu don kwance igiya, ya tsaya baki buɗe. Ga zannuwa sun zama abin da suka zama, ga ƙannensa kai ba ɗankwali, ga uwarsa ta sanda da filo, ga uban da ya zo ɗauka a kwance yana zaune kan bokiti da kurciya a gwiwa. Kafin ya ce wani abu hankakan nan ya yi masa sannu da zuwa a kafaɗar farar rigarsa.

"Baba, mota tana ƙasa," ya ce, don ya rasa abin cewa.

"Madalla. Je ka kicin ka ɗebo min shinkafa a kofi, ka haɗo da ruwa."

"Baba, tafiyar fa?"

"Ina za ni? Uwarku ta bar baƙi, ba ta kuma bar sallahu ba. In na tafi wa zai sallame su?" Ya dubi filayar. "Wannan kuma ka ajiye min a benci. Tawa ce ma, tun yaushe nake nemanta."

Yaya ya dube ni, na ɗaga masa gira. Ya juya ya sauka, ina jin sa a matakala yana jan hanci. Ranar nan, wankin duniya muka sake daga farko, har shi ya naɗe hannun riga ya taya mu matsa kafin ya koma da motarsa ba kowa a baya. Baba kuwa ya sha shayi da burodi, ya nemi ƙari, ya ce sukari ya yi kaɗan.

Washegari bayan asuba muna bakin famfo Baba ya fito. Ya cire kwat ɗin daga ƙusa, inda muka mayar da ita, ya zura. Tasa ce tun asali, amma yanzu ta yi masa yawa. Ya kifa malafa, ya cika aljihun da Auta ta ɗinke, ya ɗauki faranti. Na tashi in riƙe shi, ya ce, "Ba a hawa sai an kira." Muka tsaya muna jin sa, yana hawa yana hutawa.

Can sai faranti ya fara. Bugun ba ƙarfi, kuma Baba bai iya zagi ba, bai taɓa iyawa ba.

"Ɓarayi," muka ji ya ce. "Marasa kunya, don Allah ku matso. Ke mai ɗingishi, bi a hankali, akwai da yawa."

Auta ta cusa tawul a baki. Da ta samu numfashi ta ɗauki kofin da ya bari a benci ta ɗaga sama. "Janar ya shiga fili," ta ce. "Allah ya jiƙan..." Ta kasa ƙarasawa, na ce amin.

Sama ta yi shiru, shiru mai tsawo, amma yanzu mun san abin da ake yi a cikinsa. Muka ci gaba da ɗauraya. Sai muka ji motsi a saman matakala, malafa ta leƙo.

"Ku hawo da kaya."

Na sunkuya in ɗauki baho, idona ya cika har ban ga bakinsa ba. Auta ta kama ɗaya gefen ta ce, "Ɗaga mana, Yaya Barkono, rana tana yi." Muka hau. Ko gashin tsuntsu babu a kan igiya.